Ɗaki Don Malama Ham

Duk shekara, da zarar Nuwamba ya kama, iskar teku ta fara cizon kunne, kwamitin mishan na cocin kan tudu a garin Yeosu na Koriya ta Kudu yakan zauna ya shirya baikon ƙarshen shekara, wato gudummawar da ake tara wa 'yan mishan. A ɗakin cin abinci na ƙasa suke zama, bayan sujadar Lahadi, mata na kwashe kwanukan taliya suna goge tebura a gefensu. Da can mutum tara ne a kwamitin. Mutuwa ta ɗauki wasu, 'ya'ya suka kwashe wasu zuwa Seoul, har aka koma mutum uku: Fasto Ok, da Dattijo Byeon shugaban kwamiti, da Dikoniya Pyo Sun-rye.

Dikoniya Pyo shekararta sittin da takwas, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma sai bara ta rufe ɗan shagonta na ɗinki da ke bakin kasuwa. Aikinta a kwamiti shi ne ninke wasiƙu da rubuta sunan kowane gida a bayan ambulan da hannu, don ta yi imani mutum ba ya saurin jefar da takardar da aka wahala wajen rubuta sunansa.

Shi kuwa Dattijo Byeon shekara talatin ya yi yana sayar da inshora kafin ya ajiye aiki, kuma yana da ƙa'ida guda da yake maimaitawa kowace shekara kamar ba a taɓa ji ba.

"Ba a buɗe jaka don iska," in ji shi, yana ɓare lemo. "Ka nuna wa mutum abin da zai taɓa da hannu. Bara rufin kwano muka nuna, shekaran bara mota. Bana fa?"

Wurare biyu cocin ke tallafa wa. Akwai wani saurayi da matarsa a Kambodiya, waɗanda tun Satumba suka aiko da hotunan yara da roƙon kujerun makaranta. Sai kuma Malama Ham Gyeong-ja, 'yar wannan coci, wadda ta shekara ashirin da shida a wani ƙaramin gari yamma da Ulanbator a ƙasar Mongoliya. Ita ce ba ta aiko da komai ba.

"Sau biyu na rubuta mata," in ji Fasto. "Sai jiya na ji ashe tana ƙasar nan. An yi mata aikin yanar ido a Gwangju, tana masaukin 'yan mishan."

"Tana Gwangju ba ta gaya wa kowa ba?" Dattijo ya ajiye lemon. "Dikoniya, ke ce kika san kan tsohuwar nan. Ki je ki duba ta, ki tambayo mana abin da za mu sa a wasiƙa. Ki ɗauko hoto ma, amma ki ce ta yi murmushi. Hotonta na bara kamar ana ƙwace mata fili."

"Haka Allah ya yi fuskarta, Dattijo. Kai ma taka ba ta sayar da komai ba, bakinka ne ya yi aikin."

Fasto ya ƙunshe dariya, ya ce a rufe da addu'a.

Ranar Talata da safe Dikoniya Pyo ta hau bas da ƙullin kaya a cinya: robar kimci, wato ganyen mustad mai tsami da yaji, da ta haɗa da hannunta, da lemo, da safa mai kauri. A hanya tana kallon gonakin shinkafa da aka girbe, tana tunanin Gyeong-ja. Tsibiri ɗaya aka haife su, kwalekwale ɗaya ke kai su makaranta, Gyeong-ja ta girme ta da shekara biyu, shi ya sa har yau Yaya take ce mata. Ba za a ce aminai ba ne. Gyeong-ja tun tana yarinya ba ta iya zaƙin baki ba, in ka yi kuskure a waƙa za ta faɗa maka a gaban kowa. Ta yi aikin jinya, ba ta yi aure ba, tana da arba'in da huɗu ta tashi a tsakiyar sujada ta ce za ta tafi Mongoliya. Mutane suka ce wata shida za ta yi sanyi ya koro ta. Sun-rye ce ta ɗinka mata rigar sanyin da ta tafi da ita.

Masaukin yana saman wani shagon gyaran taya. Ɗaki ne ɗan ƙarami, katifa a ƙasa, tebur guda, akwati biyu a jingine da bango. Malama Ham ta buɗe ƙofa da baƙin tabarau a ido, ta rame, gashinta ya yi fari fat.

"Sun-rye ce? Kin yi ƙiba."

"Ke kuma kin zama kara, Yaya. Haka ake yi? Ki shigo ƙasa a yanka miki ido, ko waya?"

"Ido ne, ba wuya ba. Shigo, kina sa iska."

Suka zauna a ƙasa, suka yi addu'a, Sun-rye ta buɗe robar. Malama Ham ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya ɗan yi yawa. Duk da haka ta tashi ta ɗebo shinkafa, ta ci kwano biyu.

Bayan sun ci, Sun-rye ta fito da takarda da biro.

"Dattijo ya ce in tambayo abin da za a sa a wasiƙar bana. Ko tukunyar ɗumama ɗaki ce, ko katanga."

"Ba komai."

"Kamar yaya ba komai?"

"Na miƙa aikin, Sun-rye. Tun watan Agusta. Kin tuna Oyuna, yarinyar da na rubuto muku an kawo ta asibiti da ƙunar wuta a hannu? Yanzu 'ya'yanta uku. Ita ke riƙe da gidan renon yaranmu na can, mijinta ke wa'azi. Shekara biyu ke nan su ke sayen gawayin ɗumama ɗaki da kansu. Sun zauna sun ce kada a ƙara roƙar musu kuɗi daga waje, suna so su ga ko ƙafarsu za ta ɗauke su. Na ce musu abin da nake jira in ji ke nan tun ran da na zo." Ta gyara tabarau. "Ni kuma na cika saba'in, ƙungiyar mishan ta ce lokacin ajiye aiki ya yi. Ku cire sunana daga ambulan, ku ba yaran Kambodiya."

Sun-rye ta riƙe biron ba ta rubuta komai ba. Ta sake duban akwatunan nan biyu, sai yanzu ta gane ba kayan zuwa asibiti ba ne.

"Yaya, to ina za ki zauna?"

"Nan sun ba ni har ƙarshen Janairu."

"Bayan nan fa?"

"Ubangiji bai taɓa barina na kwana a waje ba."

"Ba Ubangiji na tambaya ba, ke na tambaya."

Malama Ham ta ɗan murmusa, irin murmushin da Dattijo ke nema a hoto bai samu ba. Ta ce gidansu na tsibiri an sayar tun rasuwar uwarsu. Ƙaninta yana Incheon a gidan ɗansa, shi ma a raɓe yake. Akwai wani gidan tsofaffin 'yan mishan a arewa, ta sa suna, an ce mutum sha ɗaya ne a gabanta.

"Sai sun mutu ɗaya bayan ɗaya ke nan, ni kuma ba zan yi musu wannan addu'ar ba."

"To ai ga abin da za mu rubuta!" in ji Sun-rye.

Nan take fuskar Malama Ham ta canza. Ta kama wuyan hannun Sun-rye, hannunta duk ƙashi amma da ƙarfi.

"Kul. Shekara ashirin da shida ina miƙa hannu da sunan 'ya'yan wasu, ban ji kunya ba ko sau ɗaya. Amma ba za a manna fuskata a ƙofar coci a ce ga tsohuwa ba ta da wurin kwana ba. Mutanen nan sun ciyar da ni shekara da shekaru, wasunsu da kuɗin maganinsu. Ya isa. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Ki ce kin yi alkawari."

"Na ce na ji, Yaya. Sake ni, za ki karya ni."

A bas ɗin komawa Sun-rye ba ta ga gonaki ba. Farkon abin da ya zo mata shi ne ɗakin ɗanta da ke kulle tun da ya koma Seoul. Amma gidanta hawa na huɗu ne, matakala ce zalla, ta kuwa ga yadda Yaya ke dafa bango kafin ta miƙe. Ban da wannan, ta san halinsu su biyu. Kwana uku za su yi su fara faɗa kan gishiri, kuma Gyeong-ja ba za ta yarda ta zama abin tausayi a gidan ƙanwarta ba.

Kwana biyu tana juya abin. Ranar Juma'a ta je coci yin shara tare da zumuntar mata, aka aike ta ɗauko bokiti a tsohon gidan mai gadi da ke bayan coci. Tun da mai gadin ya rasu shekara bakwai da suka wuce aka mai da wurin ma'ajiya: karyayyun kujeru, kayan adon Kirsimeti, tsohuwar garmaho da ɓera ya cinye cikinta. Ta tsaya a tsakiyar tarkacen da bokiti a hannu. Ƙananan ɗakuna biyu ne da madafa, ƙasa da ƙasa, ba matakala ko ɗaya, tagar kuma tana kallon kudu. Bango ya yi baƙi don danshi, gilashi ɗaya ya fashe. Ta daɗe a tsaye har aka leƙo ana tambayar ko bokitin ne ya gudu.

Ranar Lahadi ta ba kwamiti labari: aikin Mongoliya ya tsaya da ƙafarsa, Malama Ham ta ajiye aiki, ta ce a cire sunanta.

Fasto Ok ya ce, "Godiya ga Ubangiji," da gaske kuma ya faɗa, har idonsa ya kawo ruwa. Dattijo Byeon kuwa ya dafe kai.

"Madalla, amma ta kashe mana kasuwa. Rabin tsofaffin cocin nan don ita suke bayarwa. Me zan ce musu? Ku kawo kuɗi, an gama aiki?"

"Ina da shawara," in ji Sun-rye, tana kallon tebur. "Gidan mai gadi. A gyara shi ya zama masaukin 'yan mishan da suka dawo gida. Abu ne da ake taɓawa da hannu, yadda kake so."

Dattijo ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe yana dubanta.

"Wane ɗan mishan ne zai dawo gida? Na Kambodiya ko shekara talatin da biyar ba su kai ba."

"Ai ba a sani ba."

"Dikoniya, shekara talatin ina shiga gidajen mutane. Labarin zuciya a tambayi fuska. Akwati nawa kika gani a ɗakin?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Biyu. Amma ban faɗa maka komai ba."

"Ba ki faɗa ba." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, muryarsa ta sauka. "Shekara ashirin da shida ina rubuta rufi da mota da katanga. Ko sau ɗaya ban tambayi inda matar nan za ta sa kanta in ta tsufa ba."

Sai Fasto ya yi magana. Ya ce shawarar ta yi masa, amma da sharaɗi biyu. Ba za a karɓi kuɗin mutane da wani suna alhali ana nufin wani abu ba, don haka in an ce masaukin 'yan mishan ne, to ya zama haka da gaske, ba na mutum ɗaya ba. Na biyu, ba za a shirya wa Malama Ham rayuwa a bayan idonta ba. Sai ta sani, sai ta yarda.

"Wa zai gaya mata?" in ji Dattijo. Su biyun suka juya suka dubi Sun-rye.

Washegari da hantsi ta kira Malama Ham a waya, ta gaya mata shirin gyaran gidan mai gadi. Ta sha faɗa kamar yadda ta zata.

"Ashe bakinki bai canza ba tun muna yara! Na ce miki kul."

"Ban faɗa ba, Yaya, ganewa ya yi. Kuma ba fuskarki za a manna ba, hoton ɗaki ne da karyayyun kujeru. In kin ƙi, za mu gyara shi duk da haka, ɓeraye su ji daɗi."

"Ba na son sadaka."

"To ki biya haya. Ɗaki biyu ne. Ɗaya na baƙi, wa zai riƙa share shi, ya wanke zanen gado, ya tarbi mutane in sun sauka? Ni gwiwata ta ƙare. Aiki muke ba ki, ba hutu ba."

Sun-rye ta gyara riƙon wayar a kunne.

"Ba za a sa sunana a wasiƙa ba," in ji Malama Ham daga ƙarshe.

"Ba za a sa ba."

"Kuma ba za a taɓa kuɗin kujerun yaran Kambodiya ba. A fara cika nasu."

"Na ji."

"Kullum kin ji. Sai an jima."

Dattijo Byeon ya zauna ya rubuta wasiƙar, sau uku yana yagawa. A ƙarshe ta fito gajera, ba irin tasa ba. Ya ba da labarin Oyuna da mijinta, ya ce itacen da cocin nan ya shekara ashirin da shida yana yi wa ban ruwa ya kai inda zai sha da saiwarsa. Ya sa roƙon kujeru. A ƙasa ya rubuta cewa coci ya iya raka 'yan mishan tashar jirgi da waƙa, amma bai taɓa shirya inda za su sauka in sun dawo ba, bana ana so a gyara wannan. Sun-rye ta rubuta sunayen gidaje tamanin da huɗu a bayan ambulan. Suka tsara a raba ranar Lahadin farko ta Disamba, a tuna wa mutane sau ɗaya kawai kafin Kirsimeti, zumuntar mata kuma ta haɗa kimci ta sayar a harabar coci Asabar biyu a jere.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Wani dikon mai shagon kayan gini ya ce a gaban mutane kuɗin mishan na ƙetare ne, ba na gyaran ginin coci ba, in an fara haka gobe sai a ce a sayi labule. Bai ba da ko sisi ba. Tsofaffin mata kuwa ba wanda ya gaya musu komai, amma sun gane. Wata mai shekara tamanin da biyar ta tare Sun-rye a ƙofa, ta cusa mata ambulan a aljihu, ta ce, "Ki gaya wa masu aikin su sa ƙarfen dafawa a banɗaki. Wadda za ta zauna ba yarinya ba ce." Ba ta ambaci suna ba, Sun-rye ma ba ta ambata ba.

Da aka rufe baiko ranar Lahadin ƙarshe ta shekara, kujerun Kambodiya sun cika, amma na gidan bai kai ba. Ya isa a sake bututun ruwan zafi na ƙarƙashin daɓe, a sa sababbin tagogi, a gyara banɗaki. Madafa sai wata shekara. Sauran aikin hannu ya yi shi. Maza suka kwashe tarkace, Fasto ya koyi manna takardar bango, ya manna ta farko a karkace aka ɓare. Sun-rye ta fito da kekenta ta ɗinka labule da rigunan matasai. Wata safiya aka tarar da buhun siminti huɗu da kwalin tayil a ƙofar gidan, ba takarda ba suna, ko da yake tambarin shagon dikon nan yana jikin kwalin. Da Dattijo ya je yi masa godiya, ya ce shi bai san zancen ba, kuma har yanzu yana kan bakansa.

Malama Ham ta iso a makon ƙarshe na Janairu, ranar da dusar ƙanƙara ta ɗan sauka, abin da ba kasafai ake gani a Yeosu ba. Ta hana a taru a tarbe ta. Fasto ya ɗauko ta daga tasha, Sun-rye na jira a ƙofa. Ta shiga ta zagaya ɗakunan biyu tana dafa bango, ta tsuguna ta taɓa daɓe ta ji ɗumi, ta tsaya a taga tana kallon jiragen kamun kifi a ƙasa.

"Wa ya zaɓi takardar bangon nan mai furanni?"

"Ni," in ji Sun-rye.

"Na sani." Ta ɗauki akwati ta nufi ƙaramin ɗakin, wanda tagarsa ke kallon katanga. Suka ce babban ne nata, ta ce na baƙi ne, baƙo kuwa shi ake ba rana. Ba wanda ya iya juya ta.

Watan Fabrairu ya wuce shiru. Tana zuwa addu'ar asuba, tana shara, tana dafa abinci a kan ɗan risho, in an gaishe ta ta amsa a taƙaice. Sun-rye ta lura ba ta cika fita ba, kuma wani lokaci in ana hira sai ta rasa kalma a harshensu na haihuwa, ta tsaya tana nema. Abin ya dame ta, amma ba ta san me za ta yi ba ban da kai mata miya.

Wata Asabar a cikin Maris ta hau tudun da tukunyar miyar kifi, tun daga harabar coci ta jiyo dariya daga gidan, da wani yare mai kauri da ba ta taɓa ji ba. Takalma ƙafa uku ne a ƙofa. Ta tura ta shiga, ta tarar da mata biyu matasa zaune a ƙasa, kumatunsu jajir, Malama Ham a tsakaninsu tana magana da hannu da baki, kamar ba ita ba.

"Sun-rye, shigo. 'Yan Mongoliya ne, a kamfanin gyaran kifi suke aiki. A tashar bas na ji suna zagin mai gidan hayarsu, na ce musu su rage murya, akwai mai ji. Wannan ta kusa faɗuwa." Ta nuna ɗayar, wadda ta rufe baki tana dariya. "Sun ce su goma sha ne a garin nan, ba mai raka su asibiti in ba su da lafiya. Zauna, ga shayi."

Ta miƙo mata kwano, fari da madara, yana tururi. Sun-rye ta karɓa da hannu biyu ta kurɓa, ta tsaya cak da shi a baki. Matan biyu suka zuba mata ido. Da ƙyar ta haɗiye.

"Yaya, man shanu ne a cikin shayi?"

"Har da kitsen rago. Sha, zai gyara miki gwiwa."

Sun-rye ta ajiye tukunyar miyarta a tsakiya, ta ce a tambaye su ko sun ci abincin rana. Ba su ci ba. Ta tashi ta shiga neman cokula, ta samu uku kacal a gidan, sai ta fita ta gangara madafar coci ta ɗebo wasu.